1947: Shekarar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya fita daga fada zuwa zauren majalisa

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san sunan Nagogo: akwai titi, akwai kwalejin Larabci da addinin Musulunci, akwai kuma filin folo. Yawancin matasa sun san shi ne a matsayin kakan Sarki Abdulmumini Kabir Usman, ko kuma gwanin wasan doki. Amma idan ana neman shekara guda da ta nuna irin aikin da ya hau kansa, to 1947 ce, shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka fara kiran sarakunan Arewa su zauna a majalisa su yi magana kan Najeriya baki ɗaya.

Ɗan Dikko

An haifi Usman Nagogo a 1905. Shekara guda bayan haka Turawa suka naɗa mahaifinsa, Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina, sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. Dikko mutum ne mai son ganin duniya. A 1921 ya yi aikin Hajji, ya kuma je Ingila. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

A wannan gida Usman ya tashi. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya kuma shiga makarantar boko ta lardi, abin da ba kowane ɗan sarki ke yi ba a lokacin. A 1929 aka ba shi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e, sannan ya zama Magajin Gari a 1937. Da Allah Ya yi wa Dikko rasuwa a 1944, shi ya gaje shi.

Bai daɗe kan gado ba ya tafi Indiya da Bama domin ganin sojojin Najeriya da ke yaƙi da Japan a ƙarƙashin tutar Ingila. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Waɗannan sojoji sun dawo gida a 1946, sun ga ƙasashe, sun ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa. Sarkin da ya gaisa da su a bakin daga ya san mutanen da suka dawo ba kamar yadda suka tafi suke ba.

Abin da ya sauya a 1947

Ranar 1 ga Janairu 1947 tsarin mulkin Gwamna Arthur Richards ya fara aiki. Kafin nan Majalisar Dokoki da ke Legas ba ta yi wa Arewa doka. Gwamna ne ke zartar da hukunci, Razdan ya isar wa sarki, sarki ya isar wa hakimai. Sabon tsarin ya kafa majalisu biyu a Kaduna, Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai, sannan a karon farko ya tura wakilan Arewa su zauna da na Kudu a majalisa ɗaya.

Usman Nagogo na cikin sarakuna huɗu da suka wakilci Arewa a can, tare da Sarkin Gwandu Yahaya, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau da Attan Igbirra Ibrahim. Daga Majalisar Wakilai kuma akwai Tafawa Ɓalewa da Aliyu Makaman Bida.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga basarake. A fada sarki ba ya jayayya da kowa. Ana faɗuwa a yi gaisuwa, dogarai su amsa, fadawa su isar da magana. A majalisa kuwa da Turanci ake muhawara, lauya ko ɗan jarida daga Kudu yana iya tashi ya ƙi abin da sarki ya faɗa a gaban jama'a. Karatun bokon Nagogo da sanin aikin ofis da ya samu tun yana Wakilin Doka su suka sa ya iya zaman.

Sai dai tsarin yana da naƙasu. Talaka bai jefa wa kowa ƙuri'a ba, En'e-En'e ne suka zaɓi wakilai daga cikin mutanensu, kuma majalisun Kaduna shawara kawai suke bayarwa. A shekarar ce jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe ta tura tawaga Landan domin ƙin amincewa da tsarin, har da Bukar Dipcharima na Borno a ciki. A Arewa ma matasa 'yan boko sun fara tambaya: idan Bature ya tafi, wa zai riƙe mulki, sarakuna ko zaɓaɓɓu? Shekara uku kacal bayan haka aka kafa NEPU a Kano.

Hanyar da ya zaɓa

Nagogo bai tsaya gefe yana kallo ba. Da aka kawo tsarin Macpherson, ya zama ministan tsakiya maras ma'aikata a 1952, yana zama a majalisar ministoci tare da Tafawa Ɓalewa, Muhammadu Ribaɗu da Shettima Kashim. Daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna. Mutanen da suka taso a En'en Katsina, irin su Isa Kaita da Musa 'Yar'aduwa, sun zama ministoci.

Wannan kusanci da gwamnati ya kare martabar sarauta, amma ya jawo mata zargi. A faɗin Arewa 'yan adawa sun yi ta kukan cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai wajen takura musu, kuma En'e da jam'iyyar NPC sun zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ya rayu ya ga ƙarshen tsarin

Ranar 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna, kuma ɗan Nagogo ne, Hassan Usman Katsina, ya zama gwamnan soja na Arewa. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Tsohon Wakilin Doka yana kan gado aka rushe rundunar da ya taɓa shugabanta. A 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau gaba ɗaya, kuma wani Bakatsine, Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ne na biyu a gwamnatin da ta yi gyaran.

Duk da haka Nagogo bai rasa girmansa ba. A lokacin da aka tuɓe wasu manyan sarakuna, kamar Sarkin Kano Sanusi a 1963, shi ya zauna daram shekara 37, daga mulkin Turawa zuwa Jamhuriya ta Biyu. Ya rasu ranar 18 ga Maris 1981, ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina.

Har yau ana muhawara ko ya kamata a ba sarakuna gurbi a kundin tsarin mulkin Najeriya. Tambayar ta taso ne tun 1947, kuma Sarkin Katsina na cikin waɗanda suka fara zama a kujerar da ake magana a kanta.