Charlie Chaplin: Gwanin Silima da Ya Daɗe Yana Gudun Magana

An haifi Charles Spencer Chaplin a birnin Landan ranar 16 ga Afrilu 1889. Iyayensa mawaƙa ne a gidajen wasan da talakawa ke zuwa kallo, amma aurensu bai ɗore ba. Shan giya ya ci ƙarfin uban har ya mutu a 1901. Uwar kuma, Hannah, muryarta ta dushe, sana'a ta gagare ta, daga baya taɓin hankali ya same ta. Yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta, shi da wansa Sydney. Dandalin wasa ne ya fitar da shi daga wannan ƙangi. A 1908 ya shiga ƙungiyar barkwanci ta Fred Karno, inda motsin jiki ya fi magana daraja, kuma da ita ya je Amurka a 1910.

A ƙarshen 1913 kamfanin Keystone ya ɗauke shi aiki. A shekarar da ta biyo ya fito da kamannin da duniya ta san shi da su: gantalalle mai ƙaramar hula, ɗan gashin baki, ƙaton wando, manyan takalma da sandar gora. Faransawa suka laƙaba wa wannan gantalalle suna Sharlo, sunan da ya bi shi zuwa ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A zamanin nan silima ba ta da murya. Ƴan jimlolin da ake rubutawa tsakanin hotuna kaɗai ake fassarawa, don haka fim ɗaya kan zagaya ƙasashe ba tare da harshe ya tare shi ba. A 1919 ya kafa kamfanin United Artists tare da Mary Pickford, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith, sannan ya yi The Kid a 1921 da The Gold Rush a 1925.

A watan Oktoba 1927 fim ɗin The Jazz Singer ya shigo da murya, cikin ƴan shekaru Holiwud ta yi watsi da finafinan shiru. Chaplin ya tirje. Ya fahimci cewa da zarar Sharlo ya buɗe baki zai zama ɗan wata ƙasa, mai wani karin harshe da wani matsayi a cikin al'umma, alhali kafin nan kowa na iya ɗaukarsa nasa. Ya fitar da City Lights a 1931 da kiɗan da ya tsara, ba tare da tattaunawa ba. A farkon fim ɗin manyan gari na jawabi a wajen buɗe wani gunki, amma abin da ke fitowa daga bakinsu ƙugin busa ne kawai. Duk da haka mai kallo na gane fankama da cika baki, domin hawa da saukar muryar na nan ko da an cire kalmomin.

A Modern Times, na 1936, kusan duk maganar da ake ji ta na'ura take fitowa: allon mai masana'anta, garmaho da rediyo. Nan ne aka fara jin muryar Sharlo, a wata waƙa da ya manta kalmominta, sai ya cike gurbin da gaɓoɓi masu kama da Faransanci da Italiyanci, marasa ma'ana. Hannu da fuska ne suka ɗauki labarin. A The Great Dictator, na 1940, ya kwaikwayi Hitila da Jamusancin ƙarya. Ya riƙe tsarin sautin harshen da tsawar mai jawabi, ya zubar da mafi yawan nahawu da ma'ana. Ga mai nazarin harshe waɗannan wurare uku darasi ne: sun raba karin murya, siffar sauti da ishara daga kalma, sun nuna nauyin da kowanne ke ɗauka shi kaɗai.

A ƙarshen wannan fim ne ya fuskanci masu kallo ya yi jawabin mintoci da dama cikin Ingilishi tsantsa, yana suka ga mulkin danniya. Daga nan ya riƙa bayyana ra'ayinsa na siyasa a fili. Zargin goyon bayan kwaminisanci da shari'o'in da suka shafi mu'amalarsa da mata suka rage masa farin jini a Amurka, ƙasar da bai taɓa karɓar takardar zama ɗanta ba. A watan Satumba 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don ƙaddamar da Limelight, aka soke izininsa na komawa. Ya zauna a Corsier-sur-Vevey ta ƙasar Suwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972, lokacin da aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa.

Ya mutu ranar 25 ga Disamba 1977 yana da shekara 88. Finafinansa na shiru har yanzu ana kallonsu ba tare da tafinta ba, waɗanda ya yi magana a cikinsu kuwa sai an fassara.