Dimitiri Belyayef, mutumin da ya maida naman daji abokin gida

Duk mai saye da sayar da bisashe ya san akwai saniyar da ke tsayawa a tatse ta, akwai kuma mai harbi. Mukan ce hali zanen dutse ne. A filinmu na yau za mu kawo maku tarihin wani masani ɗan ƙasar Rasha da ya share shekara 26 yana neman inda zanen nan yake cikin jikin dabba.

An haifi Dimitiri Belyayef ran 17 ga watan Yuli 1917 a ƙauyen Purotasobo, yankin Kostoroma. Mahaifinsa limamin coci ne. Wansa Nikolai masanin ilimin gado ne, watau yadda iyaye ke ba ƴaƴansu kama da hali, kuma shi ya sa ma ƙanensa son wannan ilimi. A shekara ta 1937, zamanin mulkin Istalin, aka kama Nikolai aka harbe shi. Dimitiri na da shekara 20.

Wannan bai sa ya canza hanya ba. Ya ƙare makarantar noma da kiwo ta Ibanobo, ya kama aiki a Mosko wajen kiwon dabbobin da ake sayar da fatarsu. Daga 1941 zuwa 1945 ya yi yaƙin duniya na biyu, ya samu rauni, ya dawo da galan kumandan. A 1948 wani mai faɗa a ji mai suna Lisenko ya sa gwamnati ta haramta ilimin gado, sai aka tuɓe Belyayef daga shugabancin sashensa.

Abin da ya cece shi kasuwa ce. Fatar wata irin yanyawa ta ƙasashen sanyi, baƙa mai ratsin azurfa, wadda ta ɗara tamu ta sahel girma, tana kawo ma Tarayyar Sobiyet kuɗin ƙetare masu yawa. Da sunan gyaran fata ya ci gaba da bincikensa. A 1959 ya zama shugaban cibiyar binciken gado ta birnin Nobosibirsk, cikin Saiberiya, ya ɗauki wata matashiya, Ludmila Turut, suka soma da maza 30 da mata 100.

Dabararsu ɗaya ce tak. Ba su dubi launi ko girma ba. Sai a miƙa ma ɗan yanyawa hannu. Wanda ya yi cizo ko ya ɓoye a bar shi, wanda ya natsu shi za a bari ya hayayyafa. Ba horo, ba lallashi.

A zuriya ta 4 aka ga ɗan yanyawa na kaɗa wutsiya in ya ga mutum. A zuriya ta 10, kashi 18 cikin 100 na neman mutum kamar kare. A ta 20 sun kai kashi 35. Sai kuma abin da ba a nema ba ya ɓullo: farin tabo a goshi, kunne mai lanƙwasa, wutsiya mai naɗewa, irin alamun da muke gani ga awaki da karnukan gida.

Bayanin yana cikin jini. Bisa ƙodar kowace dabba mai shayarwa akwai wani ɗan ƙullutu da ke zuba sinadarin tsoro, wanda likitoci ke ce ma kotizol. Shi ke sa dabba shirin gudu ko faɗa. Bayan zuriya 12 sinadarin ya ragu da kusan rabi, wajen zuriya ta 30 ya sake raguwa da rabi. Sirotonin kuwa, sinadarin ƙwaƙwalwa mai rage zafin rai, ya ƙaru. Ɗan yanyawar da ba a zaɓa ba yakan soma tsoron baƙo yana da mako 6, amma nasu sai mako 9 ko fiye, ya samu lokacin sabawa da mutane. Ashe mai zaɓen dabba mai sanyin hali ƙwayoyin gadon da ke sarrafa waɗannan sinadarai yake zaɓe, ko bai sani ba.

Belyayef ya rayu ya ga ilimin da aka kashe wansa dominsa ya dawo da martaba, har aka ba shi shugabancin ƙungiyar masana gado ta duniya a 1978. Ciwon daji ya yi ajalinsa ran 14 ga Nuwamba 1985.

Ludmila Turut ta riƙe amanar. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe kuɗi suka yanke, garken ya ragu daga 700 zuwa 100, amma ba ta saki ba, har rasuwarta a 2024. A 2018 Ana Kukekoba da abokan aikinta suka gano wurare 103 cikin ƙwayoyin gadon yanyawar da suka bambanta masu sabo da masu cizo. A 2019 wasu masana suka ja hankali cewa kakannin dabbobin daga gonakin Kanada suka fito, inda aka daɗe ana kiwonsu, don haka ba daga daji tsantsa aka faro ba. Gardamar ta shafi asalin tabo da kunne, amma ba wanda ya musa cewa zaɓe na canza hali.

Mu da muke zaɓen jar akuyar Maradi ko saniyar Azawak a kasuwa, mukan duba haƙori da hantsa. Tarihin Belyayef na tuna mana mu duba hali ma, domin shi ma gadonsa ake yi.