C. V. Raman: Ma'aikacin Baitulmali da Ya Ci Kyautar Nobel

A wannan makon mun kawo muku tarihin Chandrasekhara Venkata Raman, masanin kimiyyar haske daga ƙasar Indiya.

An haife shi ranar 7 ga Nuwamba, 1888, a kudancin Indiya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa malamin lissafi da fiziks ne. Raman ya sami digirinsa na farko a Madras yana ɗan shekara 16. Malamansa sun so ya tafi Ingila ƙaro ilimi, amma likita ya hana saboda ba shi da ƙoshin lafiya.

A zamanin nan da wuya ɗan Indiya ya sami aikin binciken kimiyya. Don haka a 1907 ya kama aikin gwamnati a ofishin kuɗi a birnin Kalkata. A nan ya tarar da wata ƙungiyar masu son kimiyya mai ɗakin gwaji. Kullum sai ya je can da asuba, ya wuce ofis, ya koma da yamma har dare. Shekaru da dama yana haka.

A 1917 Jami'ar Kalkata ta ba shi kujerar farfesa. Albashin bai kai na ofis ba, amma ya karɓa.

Ranar 28 ga Fabrairu, 1928, shi da ɗalibinsa K. S. Krishnan suka tabbatar da wani abu sabo: idan haske ya ratsa ruwa-ruwa, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan watse ya canza launi, kuma kowane sinadari da irin nasa canjin. Da hasken rana da gilasai masu launi suka fara gwajin. A 1930 aka ba shi kyautar Nobel, ya zama mutumin Asiya na farko da ya ci ta a fannin kimiyya. Ya rasu a 1970.

Yau da wannan ilimin ake gane abin da ke cikin ƙwayar magani. Hukumar NAFDAC ma ta yi amfani da na'ura irin wannan wajen kama jabun magunguna a Najeriya.

Mu ɗalibai mukan ce rashin kayan gwaji ne ya hana mu son kimiyya. Gaskiya muna buƙatarsu, kuma muna roƙon a kawo mana. Amma kafin su zo, muna da rana, da ruwa, da madubi, da malamai. Mu fara tambaya da gwadawa tun yanzu.