Hans Krebs: Likitan da 'yan Nazi suka kora, ya gano yadda jiki ke samun ƙarfi daga abinci

A shekarar 1933, bayan hawan Adolf Hitler mulki, gwamnatin Jamus ta kafa dokar sallamar Yahudawa daga aikin gwamnati. Cikin waɗanda dokar ta rutsa da su akwai wani matashin likita a asibitin Jami'ar Freiburg, mai suna Hans Krebs. Shekara guda kafin nan ya yi suna a duniyar kimiyya, domin shi da ɗalibinsa Kurt Henseleit ne suka bayyana yadda hanta ke sarrafa sinadarin yuriya, wanda jiki ke fitarwa ta fitsari. Wannan suna bai hana a kore shi ba.

An haifi Krebs a garin Hildesheim ranar 25 ga Agusta, 1900, mahaifinsa kuwa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Ya karanci aikin likita, sannan daga 1926 zuwa 1930 ya goge a ɗakin binciken Otto Warburg da ke Balin. Da aka sallame shi, Frederick Gowland Hopkins ya gayyace shi zuwa Jami'ar Kambirij a Ingila, daga nan ya koma Jami'ar Sheffield a 1935.

A can ne ya tunkari tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. An san cewa ƙwayar halitta tana raba sukarin gulukos gida biyu, amma ba a san yadda take ƙarasa ƙona shi da iskar oksijin ba. Krebs da William Johnson suka yi gwaji da niƙaƙƙiyar tsokar ƙirjin tantabara, saboda saurin shan oksijin da take yi. A 1937 suka nuna cewa aikin zagaye yake yi. Gutsuren sukarin yana haɗuwa da wani sinadari ya zama sitiret, sai a riƙa sauya shi mataki-mataki, ana fitar da iskar kabon dayoksaid, har a dawo kan sinadarin farko, wanda zai sake karɓar wani gutsuren. Haidurojin da ake cirewa a hanya shi ne ke haɗuwa da oksijin ya zama ruwa, ƙarfin da ya fito kuma a adana shi cikin sinadarin ATP, wanda tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi.

Mujallar Nature ta mayar masa da rahoton bisa hujjar cewa rubuce-rubuce sun yi mata yawa, sai mujallar Enzymologia ta ƙasar Holan ta buga shi. A 1953 ya samu kyautar Nobel tare da Fritz Lipmann, amma a matsayin ɗan Birtaniya, domin tun 1939 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar. Ya koma Jami'ar Oksfod a 1954, kuma a garin ya rasu ranar 22 ga Nuwamba, 1981. Har yau ɗaliban likitanci da sunansa suke kiran wannan zagaye.