John Charnley, Likitan Da Ya Yi Gwaji A Cinyarsa

Ban taɓa jin sunan John Charnley ba sai da kakata ta zame ta faɗi a banɗaki. Shekara tara kafin nan an sa mata kwatangwalo na ƙarfe da roba, sai ga ƙashin cinyarta ya karye daidai inda ƙarfen ya ƙare. A zaman jinyarta ne na shiga bin diddigin mutumin da ya kawo wannan aiki, na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihinsa, ko da yake Hausar tawa ta koyo ce.

An haife shi a garin Bury na ƙasar Ingila ranar 29 ga Agusta, 1911. Ya karanta likitanci a Manchester, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya kai shi Masar, inda ya yi ta fama da karayar sojoji. A 1950 ya wallafa littafi a kan ɗorin karaya ba tare da tiyata ba.

Daga baya ya tare a asibitin Wrightington, wanda a da na masu tarin fuka ne, ya duƙufa kan gaɓar kwatangwalo. Ya lura cewa gogayya ce ke kashe gaɓar da aka ƙera, don haka ya yi ɗan ƙaramin kai na ƙarfe, faɗinsa milimita 22, mai juyawa cikin gurbin roba. Sandar da ke ɗauke da kan kuwa ya kafe ta cikin ƙashin cinya da wani irin siminti da ya aro daga likitocin haƙori.

A nan ne ya yi babban kuskure. Robar da ya fara zaɓa, wato Teflon, tana da santsi ƙwarai, ya sa wa mutane wajen 300. Ba a jima ba ta cinye, ɓarɓashinta ya kumbura nama ya ci ƙashi, dole ya sake yi wa da yawansu aiki. Bai ɓoye wannan ba. Da aka kawo masa wata robar mai suna foliyetilin, sai ya sa wa cinyarsa ɓarɓashin duka biyun don ya ga wadda jiki zai ƙi. Wajen Teflon ne ya kumbura. Ni dai da na karanta wannan sai da na shafa tawa cinyar! A watan Nuwamba na 1962 ya fara aiki da sabuwar robar, ta kuwa riƙe. Har roƙon majinyatansa ya riƙa yi su yarda a ciro masa gaɓar bayan sun mutu, ya duba yadda ta jure.

An ba shi lambar girma ta Sir a 1977, ya mutu ranar 5 ga Agusta, 1982.

Da likita ya duba hoton cinyar kakata, abin da ya fara nema shi ne ko sandar tana nan daram cikin simintinta. In ta girgiɗe, sai an cire ta an sa doguwa wadda za ta zarce karayar. In ba ta motsa ba, farantin ƙarfe da waya sun isa ɗaure ƙashin. Tata ba ta motsa ba. Yanzu tana dogara sanda har bakin ƙofa.