Likitan da sunansa ya maƙale a jikin hano

Zangon da ya wuce aka ce kowa ya tsinko ganye, ya matse tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ya liƙa a kwali da kwanan wata da wurin da ya samo. Ni hano na ɗauko a hanyar Maradun, wanda kakata ke jiƙa ɓawonsa. Da na duba sunan kimiyyarsa sai na ga Boswellia dalzielii. To, wane ne kuma Dalziel?

Ashe likita ne, John McEwen Dalziel. An haife shi a Nagpur ta Indiya a 1872, ya karanta likitanci a Edinburgh, ya yi aikin mishan a Sin, sannan ya shiga aikin likita na Afirka ta Yamma a 1905. Katagum, Yola, Sakkwato, duk inda ya sauka sai ya tara tsirrai ya busar, irin dai wahalar da muka sha. Samfuran nasa suna nan ajiye a Kew, a Landan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya riƙa tambayar mutane sunan kowane tsiro. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, kowanne da takwaransa na Latin. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma, 1927 zuwa 1936. Ya rasu a 1948.

Masu maganin da suka faɗa masa sunayen fa? Babu su a bangon littafin. Ni dai a kwalina na rubuta sunan kakata.