Kanar Mu'ammar Gaddafi Da Juyin Al'adun Zuwara

Bismillahir Rahmanir Rahim. A wannan mako filin namu zai waiwayi rayuwar Kanar Mu'ammar Gaddafi, wanda ya mulki ƙasar Libiya shekara 42, daga 1969 zuwa 2011. Mutanenmu sun san shi ƙwarai, don kuwa akwai waɗanda suka bi shi salla a Yamai da Kano a shekarar 1997, akwai kuma waɗanda suka halarci Mauludin da ya yi a Agadas a 2007. Abin da za mu duba yau shi ne yadda saurayin hafsa, wanda ya hau mulki tare da abokai 11, ya wayi gari shi kaɗai ke da bakin magana a ƙasar, da kuma yadda kiran tsarkake al'adu ya zama masa tsani.

An haife shi wajen shekarar 1942 a cikin tantin makiyaya, kusa da garin Sirte, a ƙabilar Gadadfa. Mahaifinsa makiyayin raƙuma ne da awaki. Ya fara da karatun allo, sa'an nan ya shiga firamare a Sirte, daga nan ya zarce Sabha ta ƙasar Fazzan. A can ne ya shaƙu da sauraron rediyon Alƙahira, har son Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya kama zuciyarsa. A 1961 aka kore shi daga makaranta saboda shirya zanga-zanga, ya ƙarasa karatu a Misrata. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Bangazi a 1963, ya gama a 1965, ya kuma yi kwas na 'yan watanni a Ingila a 1966. Tun yana makaranta yake tara abokai a asirce da nufin kawar da sarauta.

Ran 1 ga Satumba 1969, lokacin da Sarki Idrisu, jikan Shehun da ya kafa ɗariƙar Sanusiyya, yana ƙasar Turkiyya wajen neman magani, sai waɗannan samarin hafsoshi suka ƙwace mulki. Gaddafi yana da shekara 27. Suka kafa Majalisar Juyin Mulki mai mutum 12, shi ne shugabanta. Ayyukansu na farko sun faranta ran Musulmi ciki da waje. An hana giya, an rufe gidajen rawa, an ce a rubuta alamun tituna da Larabci kaɗai. A 1970 sojan Ingila da na Amurka suka tashi daga sansanoninsu, aka kori Italiyawan da suka saura tun zamanin mulkin mallaka, aka mai da babban cocin Tarabulus masallaci. A 1972 aka kafa Jam'iyyar Kiran Musulunci, aka kuma yi dokar haddin sata. Malamai da yawa suka sa albarka, kuma Shaihu Ɗahiru Zawi, malamin da ya yi karatu a Azhar, shi ne Muftin ƙasa a lokacin.

To, amma cikin gida akwai tsugune ba ta ƙare ba. Nasir ya rasu a 1970, ya bar almajirinsa ba madogara. Jam'iyyar gwamnati da aka kafa a 1971 ba ta shiga zuciyar jama'a ba. Manyan ma'aikata da alƙalai da malaman jami'a yawancinsu tun zamanin Sarki suke, kuma ba su ɗauki samarin hafsoshin nan da muhimmanci ba. Su kansu 'yan majalisar suna jayayya da shi kan yadda za a kashe kuɗin man fetur, har ya sha yin barazanar ajiye mulki. Ana cikin haka, a watan Fabrairu 1973, Isra'ila ta harbo jirgin fasinjan Libiya a sararin Sina'i, mutum 108 suka halaka, gwamnati kuwa ba ta iya ramawa ba. Rai ya ɓaci a tituna.

Ran 15 ga Afrilu 1973, ranar Mauludin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Gaddafi ya tsaya gaban taro a garin Zuwara, kusa da iyakar Tunisiya, ya shelanta abubuwa biyar. Na ɗaya, a jingine dokokin da ake aiki da su. Na biyu, a tsarkake ƙasa daga waɗanda ya kira masu cutar siyasa. Na uku, a ba talakawa makamai. Na huɗu, a yi juyi a ofisoshin gwamnati. Na biyar, a yi juyin al'adu, watau a kawar da duk tunanin da aka shigo da shi daga waje wanda ya saɓa wa Alƙur'ani. Shekara bakwai kafin nan Mao ya tayar da irin wannan guguwa a ƙasar Sin, ya tura matasa kan abokan tafiyarsa. Gaddafi ya bi irin wannan hanya, amma ya sa wa tasa rigar addini.

Mai karatu ya lura da yadda abin ya yi aiki. Da aka jingine doka, wanda aka zalunta ba shi da inda zai kai ƙara. Aka umarci ma'aikata da ɗalibai da mutanen unguwanni su zaɓi kwamitocin jama'a, su karɓe ragamar wuraren aikinsu. Kafin ƙarshen watan Agusta an kafa fiye da 2,000. Suka sauke manajoji da shugabannin makarantu da hakiman garuruwa, suka shiga gidan rediyo da talabijin. Duk wanda ya sami kujera ta wannan hanya ya san albarkacin wa yake ci, wanda kuma ya tsira da tasa ya koyi kame baki. An kama ɗaruruwan mutane, lauyoyi da marubuta da ɗalibai, daga 'yan gurguzu da 'yan Ba'as har zuwa 'yan Ihwan da 'yan Hizbut Tahrir. An kwashe littattafai daga ɗakunan karatu an ƙona. Da yake kiran da sunan Alƙur'ani aka yi shi, mai musu sai a ɗauke shi maƙiyin addini, saboda haka mutane da yawa suka yi shiru.

Abokansa na majalisa su ne suka fara gane inda aka dosa, don ma'aikatun da suke riƙe da su sun suɓuce daga hannunsu. A watan Agusta 1975 biyu daga cikinsu, Umar Muhaishi da Bashir Hawwadi, suka yi yunƙurin kifar da shi, abin bai yiwu ba. Majalisar mutum 12 ta koma mutum 5. A wannan shekara ne kashin farko na Koren Littafi ya fito. A watan Afrilu 1976 aka murƙushe ɗaliban jami'a, a Afrilun 1977 kuma aka rataye wasu a bainar jama'a a Bangazi. Ran 2 ga Maris 1977, nan ma ranar Mauludi, aka shelanta a Sabha cewa ƙasa ta zama Jamahiriyya, watau mulkin talakawa, kuma Alƙur'ani ne shari'arta. Aka kafa kwamitocin juyin juya hali, waɗanda ba sa karɓar umarni sai daga gare shi. A 1979 ya ajiye dukkan muƙaman gwamnati, ya ce shi jagora ne kawai. Ta haka iko ya tattaru a hannunsa, alhakin kuskure kuwa ya koma kan kwamitoci.

Saura malamai. Da kashi na biyu na Koren Littafi ya taɓa haya da ciniki da mallakar dukiya, malamai suka ce wannan ya saɓa wa fiƙihu, kuma ya taɓa dukiyar waƙafi wadda masallatai suke dogara da ita. A 1978 Gaddafi ya zauna da malamai a masallacin Maulaya Muhammad na Tarabulus, ya nuna shakka kan ingancin hadisai, ya ce Alƙur'ani kaɗai ya isa, kuma kowa na iya fahimtarsa ba sai da malami ba. Aka tura kwamitoci su karɓe masallatai. A ƙarshen wannan shekara aka canja lissafin shekaru, aka daina ƙirga daga Hijira kamar yadda Musulmi suke yi tun zamanin Sayyidina Umar, aka koma ƙirga daga wafatin Annabi. Mufti Zawi ya ƙi yarda da ƙaryata Sunna, aka mai da shi gefe, ya zauna a gida har rasuwarsa a 1986. Shaihu Muhammad Bishti, wani limami a Tarabulus da ya yi raddi a kan mumbari, an ɗauke shi daga masallaci a ƙarshen 1980, bai sake dawowa ba. A 1984 aka rushe zawiyar Sanusiyya ta Jagbub. Wutar da aka kunna da sunan kare addini ta iso ƙofar masu addinin.

Adalci ya wajaba mu faɗi alherinsa. Da kuɗin fetur ya gina gidaje da asibitoci da makarantu, ya yaƙi jahilci, ya fara babban aikin janyo ruwan ƙarƙashin hamada zuwa garuruwan gaɓar teku a 1984, ya gina masallatai a ƙasashen Afirka, ya kuma taimaki masu yaƙi da wariyar launin fata. Amma a cikin gida ba a bar kotu mai 'yanci ba, ba jarida, ba jam'iyya, ba malamin da zai ce a'a. A 1996 aka kashe fursunoni a kurkukun Abu Salim, waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta sun kai 1,200, yawancinsu masu kishin Musulunci. Kama lauyan iyalansu ne ya tayar da boren Bangazi a watan Fabrairu 2011. Da taimakon jiragen ƙawancen NATO 'yan tawaye suka ci Tarabulus a watan Agusta, suka kama shi a Sirte ran 20 ga Oktoba 2011, suka kashe shi ba tare da shari'a ba, aka binne shi a wani ɓoyayyen wuri cikin hamada. Doka da ya jingine a Zuwara ba ta nan ranar da ya bukace ta, ƙasar kuma ta faɗa yaƙin basasa don babu wata hukuma mai ƙarfi da ta saura.

Darasi gare mu, 'yan'uwa, idan mai mulki ya ɗaga Alƙur'ani ya ce a tsarkake al'umma, mu duba mu gani ko shi ma hukuncin Littafin zai hau kansa, ko kuwa ya keɓe kansa. Malamai kuma su yi hattara da tafa wa wanda ya rufe bakin wasu, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaddafi ya riga ya koma ga Ubangijinsa, hisabinsa yana can. Allah ya ba mutanen Libiya zaman lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.